Cin Zali: Mu Gane Shi, Mu San Ire-irensa

Jawabin da aka gabatar wa iyaye, malamai da matasa a taron bita kan kula da yara, a ƙasar Daura.

  Na san an bar aiki a gida da gona, saboda haka zan tafi kai tsaye ga abin da ya tara mu.

An ce in yi magana a kan cin zali. Kowa a nan ya san kalmar. Amma sau da yawa abin yana faruwa a gabanmu, sai mu ba shi wani suna. Mu ce wasan yara ne, ko ƙuruciya ce, ko mu ce ai haka aka yi mana muka girma. Yaron da ake yi wa kuwa yana nan yana haɗiyar baƙin ciki, har wata rana ya ce shi ba zai ƙara zuwa makaranta ba, mu kuma mu kira shi malalaci. Ba a maganin ciwon da ba a san shi ba. Domin haka yau za mu duba mene ne cin zali, waɗanne kamanni yake da su, da kuma abin da ya kamata mu yi.

MENE NE CIN ZALI?

Mutumin da ya fara zurfafa bincike a kan wannan al'amari shi ne Farfesa Dan Olweus, wanda ya yi aiki a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe. Ya soma tun wajen 1970. Da farko hukuma ba ta kula da maganarsa sosai ba. Sai a 1982 wasu yara maza uku a arewacin ƙasar suka kashe kansu, bayan abokan karatunsu sun daɗe suna gallaza musu. Wannan ya girgiza ƙasar, har a 1983 gwamnatinsu ta ƙaddamar da yaƙi da cin zali a dukan makarantu.

Binciken nasa ya nuna alamu uku da ake gane cin zali da su.

Ta ɗaya, da gangan ake yi. Yaron da ya taka ɗan'uwansa a wajen ƙwallo ya ce yi haƙuri, bai ci zali ba. Wanda ya ɓuya a bayan danga yana jiran wani ya wuce don ya sa masa ƙafa, shi ya yi niyya.

Ta biyu, ana maimaitawa. Yau an yi, gobe an sāke, jibi ma haka, kuma mutum ɗaya ne ko da yaushe ake auna. Wannan maimaici shi ke sa tsoro ya zauna a zuciyar yaro. Tun da asuba yake fargabar abin da zai same shi da hantsi.

Ta uku, akwai fin ƙarfi. Wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Fin ƙarfin nan yana iya zama na jiki ko na shekaru. Yana iya zama na yawa, wato biyar a kan ɗaya. Yana iya zama na dukiya, ko na matsayi, kamar monita a aji, ko ɗan mai gari, ko ɗan fasto. Yana iya zama na baki, domin akwai yaron da Allah ya ba shi kaifin harshe, in ya yi wa wani ba'a aji duka sai dariya.

WASA DABAN, FAƊA DABAN, CIN ZALI DABAN

Mu Hausawa mutane ne masu son raha. Muna da wasan taubasai, da wasan jika da kaka, da na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. Wannan abu ne mai kyau, yana ƙara zumunci. Ku lura da yadda yake tafiya. In taubashinka ya tsokane ka, kana da damar ramawa. Ku biyu kuke dariya. In ya ga ranka ya ɓaci sai ya bari, ya ba ka haƙuri.

Faɗan sa'o'i ma wani abu ne daban. Yara biyu sa'annin juna sun yi kokawa a kan langa, an raba su, da yamma ka same su suna cin gyaɗa tare. A tsawata musu, amma ba wanda ya danne wani.

In kana so ka rarrabe, yi wa kanka tambayoyi uku. Su biyun suna dariya, ko ɗaya ne kawai? Ƙaramin yana iya cewa a bari, a kuma bari? Mutum ɗaya ne kullum abin ke ƙarewa a kansa? In amsar ta nuna ɗaya yana jin daɗi ɗaya yana jin zafi, to wasa ya ƙare.

YAYA GIRMAN MATSALAR YAKE?

A 2019 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan makarantun duniya. Ta gano cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 abokan karatunsa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin 100, wato kusan rabi. A wannan shekara ce ƙasashen da ke cikin hukumar suka keɓe ranar Alhamis ta farko a watan Nuwamba domin yaƙi da tashin hankali da cin zali a makarantu.

A nan Nijeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi bincike a 2014. Sun sami cewa yara 6 cikin 10 suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma kaɗan ƙwarai ne suke samun taimako. A 2015 shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari na Daura, ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara.

Tabon kuwa yana daɗewa. A Birtaniya an bi sawun yara 7,771 da aka haifa a 1958. Sakamakon da aka bayyana a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka ci zalinsu suna 'yan shekara 7 da 11 sun fi sauran fama da damuwa da rashin lafiya har lokacin da suka kai shekara 50. Saboda haka maganar nan da muke yi, cewa zai manta in ya girma, ba ta da tushe.

IRE-IREN CIN ZALI

1. Na jiki. Shi ne aka fi saurin ganewa: duka, mari, ranƙwashi, mintsini, ture mutum, jifa, tofa yawu. A makarantun kwana akwai abin da siniyoyi ke yi wa ƙanana da sunan horo, kamar tsallen kwaɗo, kamun kunne da durƙuso a rana ba da laifin komai ba. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya dakatar da ɗalibai 13 na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Enugu har mako shida, bayan an ga bidiyonsu sun taru a kan ɗalibi ɗaya suna duka.

2. Na baki. Zagi, gori, habaici, zambo, da laƙabin banza. Wannan ba ya barin shaida a fata, shi ya sa iyaye ke raina shi. Amma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Yaron da yake fitsarin kwance, aka yi masa waƙa a unguwa, ko mai in'ina da ake kwaikwayon maganarsa, yakan daina ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa. Wani laƙabin da aka liƙa wa mutum a aji uku yana binsa har ya yi furfura.

3. Na wariya. Ba a taɓa ka ba, ba a zage ka ba, amma an rufe maka ƙofa. Yarinya ta zo dandali sai a watse. Ta zauna a benci sai a matsa. An je itace ko ɗiban ruwa ba a kira ta ba. Ana zunɗenta, ana yaɗa ƙarya a kanta, ana ce wa sauran duk wadda ta yi mata magana an daina ƙawance da ita. Wannan nau'i yana da wuyar kamawa, domin in ka tambaya sai a ce ai ba mu yi mata komai ba.

4. Na ƙwace da bautarwa. Babban yaro ya karɓe kuɗin tara na ƙarami, ko ƙuli-ƙulinsa, ko bironsa. A makarantar kwana a ƙwace garin kwaki da yajin da uwa ta haɗa masa, a sa shi wanki da ɗiban ruwa har ya rasa lokacin karatu. A kasuwa, 'yan samari su ci kayan 'yar talla su ƙi biya, ta koma gida kuɗi bai cika ba, ta sha duka na biyu. Dukanmu mun san labarin rijiyar Kusugu, da macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta. Ku je bakin fanfon burtsatse na ƙauyenku da sassafe. Sau da yawa za ku sami wani ƙato ya tsare wurin, yana ture bokitan ƙanana, ba mai ɗiba sai wanda ya ga dama.

5. Na batsa da taɓa jiki. Yi wa yarinya ba'a a kan jikinta sa'ad da ta fara girma, ko a kan jinin al'ada in ya ɓata mata tufa, ɗaga mata zane, tare ta a hanyar gona ko ta makaranta. Yara maza ma ana yi musu, kunya ce ke hana su faɗi. Binciken 2014 da na ambata ya nuna yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata. Wannan ya wuce a sasanta a zaure. Laifi ne a gaban doka.

6. Na waya. Yanzu wayar hannu ta shiga kowane ƙauye. Ana ɗaukar hoton mutum ba da saninsa ba a watsa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok. Ana tura saƙon zagi ko na barazana da dare. Saurayi yakan tsorata yarinya da cewa zai fitar da hotonta in ta ƙi shi. A da, yaro in ya shiga gida ya huta. Wannan kuwa yana binsa har kan gado, kuma abin da aka watsa ba a iya tattaro shi. A watan Afrilu na 2024 an ga bidiyon wata ɗaliba a makarantar Lead British International School da ke Abuja, wata tana ta marinta, sauran suna tsaye suna kallo. An rufe makarantar kwana uku. Wannan makaranta ce ta masu hali, saboda haka kada mu ce talauci kaɗai ke kawo abin.

MANYA MA SUNA YI

Kada mu ɗora wa yara laifin duka. Akwai uwar miji da ke hantarar amarya dare da rana. Akwai facaloli da ke haɗe wa ɗaya kai. Akwai matar da ba ta sami haihuwa ba, ana yi mata gori a wajen biki. Akwai budurwar da ta daɗe ba ta yi aure ba ana kiranta kwantai. Akwai tsohuwar da aka ce mayya ce don kawai 'ya'yanta sun rasu kuma ba ta da mai tsaya mata, aka daina sayen kayanta, aka hana yara shiga gidanta. Akwai maigidan da yaron shagonsa ba ya jin komai daga bakinsa sai zagin uwa. Ko a majami'a, wani lokaci a ƙungiyar mawaƙa ko ta zumunta, ana ware wanda tufarsa ba ta kai ba ko wanda bai iya karatu ba. Yara suna kallonmu. Abin da suka gani a tsakar gida shi suke kaiwa filin makaranta.

SU WA AKA FI AUNA?

Mai cin zali yana neman wanda ba shi da mai tsaya masa, ko wanda ya bambanta da sauran. A ƙauyukanmu waɗannan su ne: maraya, agola, ɗan riƙo, 'yar aiki, gurgu, kurma, makaho, zabiya, mai farfaɗiya, mai ciwon sikila, yaron da ba ya saurin fahimta, da baƙon da iyayensa suka yi gudun hijira daga yankunan da 'yan bindiga suka tasa.

Akwai kuma maganar addini da ƙabila, kuma ya kamata mu faɗe ta a fili. 'Ya'yanmu da yawa sun san zafin a kira su arna a hanyar makaranta, ko a ƙi shan ruwa da kofin da suka sha. Iyaye su saurari wannan kuka, su kai shi ga hedimasta da mai unguwa cikin natsuwa. Sa'an nan mu juyo mu dubi namu gidan. Me 'ya'yanmu ke ce wa almajirin da ya tsaya a ƙofa da ƙoƙonsa? Me suke ce wa ɗan Fulanin da ya biyo da shanu, ko 'yar da ta kawo nono? Wanda ya san zafin gori shi ya kamata ya fi kowa kiyaye bakinsa.

DARASI DAGA CIKIN GARIN DAURA

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Sabon Garin Daura, inda ake ajiye yara da manya da sunan gyaran hali. Sun fito da mutum 67, daga ɗan shekara 7 zuwa mai shekara 40. An sami waɗansu da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Kafin wannan, a watan Satumba, an buɗe irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, aka fito da mutane wajen 300. Daga baya shugaban ƙasa ya ba da umarni a rufe irin waɗannan wurare.

Abin da ya faru a can ya zarce cin zalin yara, azabtarwa ce. Ban kawo shi don a nuna wa wata al'umma yatsa ba, gama irin wannan na iya faruwa a duk inda aka ba mutum iko a kan raunana ba mai duba shi, ko gidan marayu ne, ko makarantar mishan, ko gidan kawu a birni. Darasi biyu nake so mu ɗauka. Na farko, yawancin waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Na biyu, abin bai fito fili ba sai da waɗanda ke ciki suka yi bore, waɗansu suka tsere. In ka ba da ɗanka riƙo ko ka kai shi makarantar kwana, ka riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Ka ja shi gefe ku yi magana ku biyu. Ka dubi bayansa da ƙafafunsa.

ME KE SA YARO YA ZAMA MAI CIN ZALI?

Ba a haifar yaro da mugunta a hannu. Wani a gida ake jibgarsa, sai ya huce a kan wanda ya fi ƙarfi. Wani an sangarta shi, ba a taɓa ce masa bari ba. Wani yana neman suna ne a cikin abokai, ya ga in ya wulaƙanta wani ana yi masa kirari. Wani kuma a aji ɗaya aka gasa shi, yana jiran ya kai aji shida ya rama a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Haka abin ke zama gado a makarantun kwana.

Shi ma yana bukatar taimako, domin in aka bar shi da wannan hali zai kai shi gidan aurensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'YAN KALLO

A kowane cin zali akwai mutum na uku, wato mai kallo. Masu bincike a ƙasar Kanada sun sa na'urar ɗaukar hoto a filayen wasa na makarantun firamare. Sun ga cewa fiye da sau 8 cikin 10 akwai waɗansu yara a wurin sa'ad da ake cin zalin. Sun kuma ga cewa in wani yaro ya sa baki, fiye da rabin lokaci abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. A ƙasar Finlan, Jami'ar Turku ta tsara wani shiri mai suna KiVa a kan wannan fahimta. Suna koya wa aji duka su daina ba mai cin zali abin da yake nema, wato dariya da tafi.

Ku matasa, wannan naku ne. Ba a ce ku shiga dambe ba. Kada ka yi dariya. Kada ka tura hoton gaba. Ka ce kai, bari mana. In kana tsoro, je ka kira babba. Bayan an watse, ka je wurin wanda aka ci zalinsa ka zauna da shi, ku tafi gida tare. Kai ƙara domin a ceci wani ba tsegumi ba ne.

ALAMUN DA IYAYE ZA SU LURA DA SU

Yawancin yara ba sa faɗi. Suna tsoron a ƙara musu, ko a ce su ragwaye ne. Sai ku sa ido a kan waɗannan:

- Ciwon ciki ko ciwon kai da safe a ranakun makaranta, ya warke ranar Asabar.
- Riga a yage, littafi ko takalmi ya ɓata a kai a kai.
- Yaro ya dawo da yunwa ko da an ba shi kuɗin tara, ko ya fara ɗaukar kuɗi a gida.
- Ya canza hanya, ko ya ƙi zuwa aike wani wuri.
- Firgita cikin barci, ko komawa fitsarin kwance bayan ya daina.
- Mai surutu ya zama shiru, ko ya fara dukan ƙannensa.
- Ƙoƙarinsa a aji ya faɗi ba dalili.
- Ya ce gara ya mutu. Wannan magana kada a ɗauke ta da wasa ko sau ɗaya. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.

ABIN DA ZA MU YI

A gida. In ɗanka ya kawo kuka, ajiye abin da kake yi ka saurare shi har ya gama. Ka ce masa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ka ce me ka yi musu. Kada ka kore shi da cewa in bai rama ba kai ma za ka doke shi, gama da yana iya ramawa da bai zo wurinka ba. Ka riƙe ranar da abin ya faru, da wurin, da waɗanda suka gani. In ta waya ne, kada a goge saƙon, shaida ce. Kada ka ɗauki sanda ka nufi gidan su wancan yaro, domin faɗan yara zai koma na manya.

In kuma ɗanka ne aka kawo ƙararsa, kada ka yi saurin cewa ɗana ba zai yi haka ba. Bincika. Sa shi ya mayar da abin da ya ƙwace, ya nemi gafara a gaban waɗanda suka gani. Duka mai tsanani yana ƙara koya masa cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya.

A makaranta. Cin zali ya fi faruwa inda idon malami ba ya kaiwa: bayan aji, wajen masai, lokacin tara, ɗakin kwana da dare, da hanyar komawa gida. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta su nemi a riƙa sa malami a waɗannan wurare. A hana monita da firifet riƙe bulala. A sa malami ɗaya da malama ɗaya waɗanda yara za su iya kai musu kuka a asirce. Yaran unguwa ɗaya su riƙa tafiya tare, manya su kula da ƙanana.

A ikkilisiya. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa su kafa doka cewa ba a kiran kowa da laƙabin da ba ya so. 'Yan zumuntar mata su san kowane maraya da agola da ɗan riƙo da ke ƙauyen, su riƙa leƙa su. A yi wannan tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin yaranmu rijiya ɗaya suke sha, aji ɗaya suke zama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A gaban hukuma. In magana ta fi ƙarfin gida da makaranta, akwai mai unguwa da dagaci da hakimi. Akwai sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma. Doka ma tana nan. Nijeriya ta kafa dokar 'yancin yara a 2003, Jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015 wadda ta haɗa da barazana ta waya, da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2019. In an ji wa yaro rauni, ko an yi masa fyaɗe, a fara da asibiti, sa'an nan 'yan sanda. A maganar fyaɗe a kai shi kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin cutar ƙanjamau ke aiki. Kada kunya ta sa a rufe.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

Sa'ad da kuka koma gida, ku zauna ƙungiya ƙungiya, maza da mata da matasa, ku amsa waɗannan:

1. A cikin ire-iren nan shida, wanne ya fi yawa a ƙauyenmu?
2. A waɗanne wurare ne yaranmu ke tsoron bi, kuma a wane lokaci?
3. Waɗanne laƙabobi muke kiran mutane da su waɗanda su ba sa so?
4. Su wane ne a cikinmu ba su da mai tsaya musu? Wa zai ɗauki nauyin ziyartarsu?
5. In yaro yana da kuka yau, wurin wa zai je?

Kakanninmu sun ce ɗa na kowa ne. In haka ne, kukan ɗan maƙwabci ma namu ne. Ina roƙon kowane ɗayanmu, kafin mako ya zagayo, ya sami yaro ɗaya a gidansa ko a unguwarsu, ya zauna da shi, ya tambaye shi ko akwai mai takura masa, ya kuma jira amsa. Kowace ikkilisiya ta kawo abin da ta samu a zamanmu na gaba, domin mu san inda za mu sa hannu.

 Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.